Abin Da Ya Kamata Ku Sani Game Da Ƙattin Samaniya Da Suka Girma Da Wuri

A ƙarshen watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kuma hazo bai riga ya sauko ba, duk wanda ya fita bayan garin Garki na Jigawa da misalin ƙarfe tara na dare ya fuskanci kudu, zai ga wani tauraro mai haske tsaye shi kaɗai, wajen rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakar sama. Masana taurari suna kiran sa Fomalhaut. Idan kuka miƙa hannu kuka auna faɗin yatsu huɗu daga gare shi, sama kaɗan ta wajen yamma, za ku faɗa wani wuri da ido ba ya ganin komai. A daidai nan ne aka gano wani abu mai suna XMMU J2235, wanda daga shekarar 2009 ya jefa masana cikin gardamar da ta ɗauke su kusan shekara uku. Wasu suka ce girmansa ya yi yawa a irin ƙuruciyarsa, don haka akwai gyara a abin da aka sani game da farkon samaniya. Wasu suka ce a dai sake lissafi.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa: tarin taurari da galaksi. Kaza da 'ya'yanta, wadda kowa ya sani, tarin taurari ce da ke nan kusa da mu, haskenta wajen shekara 440 kawai yake yi a hanya. Ita da ranarmu da duk tauraron da ido ke gani suna cikin runduna guda mai taurari fiye da biliyan 100. Irin wannan runduna ake kira galaksi. Akwai wata galaksi maƙwabciya mai suna Andromeda da mai kaifin ido zai hango dishi-dishi ta arewa a irin wannan dare idan babu farin wata, kuma nata hasken shekara miliyan 2.5 ya yi kafin ya iso.

To, galaksi ma ba a warwatse suke ɗaya-ɗaya ba. A wasu wurare ɗaruruwa ko dubbai sun taru, nauyinsu ya ɗaure su wuri guda. Wannan shi ne gungun galaksi, kuma a duk samaniya babu wani abu da nauyinsa ya riƙe shi ya zauna da ya fi shi girma. Taurarin da ake gani a cikinsa su ne mafi ƙanƙantar kaso na nauyin. Akwai iskar gas mai zafin miliyoyin digiri da ta cika tsakanin galaksin, wadda ta ninka taurarin nauyi. Sauran, sama da kashi 80 cikin 100, wani ɓoyayyen abu ne da ba ya haske, ba a san shi ba sai ta yadda yake jan abin da ke kusa da shi. Fritz Zwicky ne ya fara lura da shi a 1933, da ya ga galaksin gungun Coma suna gudun da ya isa ya tarwatsa su amma ba su tarwatse ba.

Daga ina irin waɗannan ƙatti suka fito? Bisa awon da aka yi, samaniya tana da shekara wajen biliyan 13.8, kuma tana faɗaɗa. Lokacin da take da shekara 380,000, ta huce har haske ya samu hanyar tafiya ba tare da cikas ba. Wannan tsohon haske yana nan har yau, yana zuwa ta kowace fuska. Arno Penzias da Robert Wilson suka bayyana gano shi a 1965. A 1992 tauraron ɗan'adam na COBE ya nuna cewa hasken ba ɗaya yake sak a ko'ina ba: wani wuri ya ɗan fi wani zafi da kashi ɗaya cikin 100,000. Wannan ɗan bambanci shi ne irin da komai ya tsiro daga gare shi. Inda abu ya ɗan fi cunkushewa, ya fi jan na kewaye, sai ya ƙara cunkushewa, ya ƙara ja. Haka aka yi ta tafiya biliyoyin shekaru har aka samu galaksi, daga baya galaksi suka haɗu suka zama gungu. Ƙanana ne suka fara, manya suka zo a ƙarshe. Shi ya sa ganin ƙaton gungu tun samaniya tana ƙarama yake ɗaga gira.

Wani zai ce wannan ai shiga hurumin da ba namu ba ne. Maganar nan ba ta wa ya yi halitta ba ce, awo ba ya kaiwa can. Magana ce ta matakan da abin da aka halitta ya bi, kuma waɗannan ana iya auna su.

Tambayar da masana suke yi ita ce: yaya aka rarraba wannan iri? Ku ɗauki kasuwar shanu ta Maigatari ranar Alhamis. A ware bijimai jinsi ɗaya masu shekaru ɗaya, a auna tsayin kowanne daga kofato zuwa tozo. Mafi yawa za su faɗa kusa da matsakaici. Dogaye kaɗan, gajeru kaɗan, kuma adadin waɗanda suka fi matsakaici zai yi daidai da na waɗanda suka gaza shi. Idan aka zana wannan a takarda, sai ya fito da tudu a tsakiya da gangara iri ɗaya hagu da dama. Ana kiran wannan tsarin Gauss, da sunan Bajamushen masanin lissafi Carl Friedrich Gauss, wanda ya rasu a 1855. Tsarin yana fitowa ne duk inda ƙananan dalilai masu yawa, waɗanda babu ruwan wani da wani, suka taru suka haifar da abu guda.

Abin lura shi ne yadda gangarar take faɗuwa. Masana lissafi suna da ma'aunin nisa daga matsakaici, mu kira shi taki. Biyu cikin uku ba sa wuce taki ɗaya sama ko ƙasa. Wanda ya zarce taki uku ta sama, ɗaya ne cikin 740. Wanda ya zarce huɗu, ɗaya cikin kusan 32,000. Wanda ya zarce biyar, ɗaya cikin miliyan 3.5. Ku dubi yadda taki ɗaya tak yake ninka wahalar sau arba'in, na gaba kuma sau ɗari. Ma'anar wannan ita ce, idan aka ɗan karkata tudun zuwa dama, kaɗan ƙwarai, ba wanda zai lura a tsakiya. Dubban bijimai matsakaita suna nan yadda suke. Amma can a ƙarshen gangara, inda ake sa ran ganin ƙato ɗaya, sai a ga uku ko goma. Gungun galaksi mafi girma daga irin wannan ƙarshen gangara suka fito, daga wuraren da tun farko cunkoso ya zarce matsakaici da taki huɗu ko biyar. Kuma gwargwadon saurin da gungu ya yi ya haɗu, gwargwadon nisan da irinsa ya yi daga matsakaici. Saboda haka mai neman sanin ko tudun farko ya karkata, ƙatti masu nisa zai ƙirga.

Me ya sa aka damu da karkatar? Saboda tana ɗauke da labarin wani lokaci da babu na'urar da za ta iya hangowa kai tsaye. A 1981 Alan Guth ya wallafa ra'ayin cewa a cikin wani ɗan mitsitsin yanki na daƙiƙar farko, samaniya ta yi wani irin kumburi mai tsananin sauri. Daga baya aka gane cewa wannan kumburi zai iya bayyana asalin irin da muka ambata. Sai dai ra'ayin ba guda ba ne, akwai nau'o'insa barkatai. Mafi sauƙi yana cewa ƙarfi guda ɗaya ne ya tuƙa kumburin. A 2003 Juan Maldacena, ɗan Ajantina, ya lissafa cewa idan haka ne, irin zai bi tsarin Gauss kusan sak, karkatar ba za ta taka kara ta karya ba. Idan kuwa ƙarfi biyu ko fiye ne suka haɗu suna shafar juna, karkatar tana iya girma har a auna ta. An ba ma'aunin wannan karkata suna f-NL. Sifili na nufin babu karkata. Ɗari na nufin karkata ta wajen kashi ɗaya cikin dubu, abin da a ido ba komai ba ne, amma a ƙarshen gangara babban al'amari ne. Duk ranar da aka tabbatar lambar ta kai ɗaya ko ta wuce, an binne ra'ayin ƙarfi guda ke nan. Tun a 2000 Sabino Matarrese da Licia Verde da Raul Jimenez suka tsara lissafin yadda karkata za ta sauya adadin manyan gungu.

Yanzu mu koma kan XMMU J2235, wanda shi ma gungun galaksi ne. An tsinto shi a 2005 cikin tsofaffin hotunan da na'urar XMM-Newton ta Turai ta ɗauka, domin gas mai zafin da ke cikin gungu yana fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Haskensa ya yi wajen shekara biliyan 9 a hanya, wato muna ganin sa ne yadda yake lokacin da samaniya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na shekarunta na yanzu ba. A 2009 James Jee da abokan aikinsa suka auna nauyinsa da na'urar Hubble. Dabarar da suka yi amfani da ita abin sha'awa ce. Nauyi yana lanƙwasa haske, saboda haka galaksin da ke bayan gungun sukan fito a ɗan murɗe. A auna murɗewar ɗaruruwansu, sai a san nauyin abin da ya murɗe su, har da ɓoyayyen. Suka samu nauyin rana sau tiriliyan 600 da ɗoriya. Da suka lissafa, sai suka ga a ɗan filin saman da aka bincika, damar samun irinsa ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba.

Nan fa aka yi caa. Jimenez da Verde suka nuna cewa f-NL na ɗari da wani abu zuwa ɗari biyu da wani abu zai sauƙaƙa samun sa. A 2011 Ben Hoyle tare da su biyun suka tara gungu goma sha wani abu masu nisa, suka ce lissafi yana neman lambar da ta haura 400. Wata tawagar da Joseph Silk yake ciki ta samu wajen 450, ko da yake da faɗin kuskure mai yawa. A daidai lokacin kuma wasu ƙattin suna ta fitowa ta wata sabuwar hanya. Tun farkon shekarun 1970 Rashid Sunyaev da Yakov Zeldovich suka hango cewa tsohon hasken nan, idan ya ratsa gas mai zafi na gungu, yakan bar wani ɗan tabo, kuma tabon ba ya dushewa da nisa. Na'ura mai faɗin mita 10 da aka kafa a ƙuryar kudancin duniya, da wata a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, suka shiga farautar waɗannan tabo. Ta farko ta fito da SPT-CL J2106 a 2011, mai nauyin rana sama da sau tiriliyan 1,000.

Sai dai akwai matsala. Tauraron ɗan'adam na WMAP, wanda yake auna karkatar kai tsaye a jikin tsohon hasken, ya ba da 32, da kuskuren 21 sama ko ƙasa. Ina 32, ina 400? Ko dai karkatar tana sauyawa gwargwadon girman abin da ake dubawa, ko kuma wani ya yi tuntuɓe a lissafi.

Tuntuɓe ne, kuma ba ɗaya ba. Na farko tsoho ne, Arthur Eddington ya bayyana irinsa tun 1913. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima. Dillalin da yake kintatar nauyin sa da ido yakan ƙara wa wani, ya rage wa wani. Za a ɗauka kuskuren zai share kansa, amma a wajen ƙatti ba haka ba ne. Duk ƙato ɗaya na gaske, akwai bijimai da yawa da suke ƙasa da shi kaɗan. Waɗanda kintace zai ɗaga sama sun fi waɗanda zai sauke yawa nesa ba kusa ba. Don haka idan aka ce ga zakaran kasuwa, mafi rinjayen zato shi ne an ɗan ƙara masa. Awon nauyin gungu mai nisa yakan zo da kuskuren kashi 20 cikin 100 ko fiye, kuma a gangara mai irin wannan tsauri, rage kashi 20 yana iya ninka damar samun abu sau da dama. Michael Mortonson da Wayne Hu da Dragan Huterer suka sa wannan gyara cikin lissafinsu na 2011.

Na biyu shi ne faɗin wurin da aka bincika. Idan aka ce da wuya a samu irinsa a wannan ɗan fili, ina sauran filayen da wasu suka bincika ba su ga komai ba, ba su kuma rubuta komai ba? Wanda ya zagaya kasuwanni goma ya ga ƙato a ɗaya, bai kamata ya yi lissafi kamar kasuwa ɗaya ya shiga ba.

Na uku ne ya fi ɓoyuwa, kuma a ganina shi ne ya fi cancanta a koya wa kowane ɗalibi. Shaun Hotchkiss, wanda a lokacin yake Jami'ar Helsinki, shi ya fito da shi fili a 2011. Yadda ake tambayar a da shi ne: mene ne damar samun gungun da ya kai wannan nauyi ko ya fi, kuma ya kai wannan nisa ko ya fi? Tambaya ce mai kama da gaskiya, amma an ɗinka ta ne daidai jikin abin da aka riga aka gani. A kasuwa akwai zakara cikin 'yan shekara biyu, akwai zakara cikin 'yan shekara uku, akwai cikin 'yan huɗu. Ko wanne ka tsaya a gabansa ka ce nawa ne suka kai shi girma kuma ba su girme shi ba, amsar za ta fito kaɗan ƙwarai, domin kai ka ja layin a ƙafarsa. Tambayar da ta dace ita ce: cikin kasuwanni irin wannan, sau nawa ake samun wani sa, ko ɗan shekara nawa ne, da zai ba da mamaki kamar wannan? Hotchkiss ya nuna cewa ko a samaniyar da babu karkata ko kaɗan, tsohuwar tambayar za ta riƙa cewa zakarun sun yi yawa. Da aka gyara, mamakin ya zube. Ian Harrison da Peter Coles na Jami'ar Cardiff suka bi ta wata hanyar lissafi, wadda masu hasashen ambaliya mafi muni suke amfani da irinta, suka iso wuri ɗaya: babu gungu guda da aka sani da ya wuce iyaka. Hoyle da abokansa ma suka sake duba nasu aikin a 2012 suka karɓi gyaran.

Sai tauraron Planck na Turai, wanda aka harba a 2009, ya zo ya rufe wannan babi. A 2013 ya ba da 2.7 da kuskuren 5.8. Sakamakonsa na ƙarshe ya ba da kusan ɗaya ƙasa da sifili, da kuskuren 5.1. Maganar 400 ta mutu.

Ba a ce ƙattin sun daina tayar da ƙura ba. A Janairun 2012 Felipe Menanteau da tawagarsa suka sanar da wani gungu da na'urar Atakama ta gano, wanda suka laƙaba wa El Gordo. Shi ma yana ratsa saman Jigawa, wajen awa biyu da rabi bayan XMMU J2235, ƙasa-ƙasa ta kudu. Haskensa ya yi shekara biliyan 7 a hanya, kuma a gaskiya gungu biyu ne suke karo da juna. An fara ba shi nauyin rana wajen sau tiriliyan 2,000, a 2014 awo ya kai shi kusan 3,000, a 2021 wani awon da ya fi faɗi ya dawo da shi wajen 2,100. Ku lura da yadda lambar take yawo. Har yanzu akwai masana irin su Pavel Kroupa da suke cewa girman da saurin karon sun fi ƙarfin ra'ayin da aka yarda da shi, amma mafi yawa ba su bi su ba. Shi ya sa duk lokacin da na ji a labarai an ce an gano wani abu a sama da ya rushe ilimin masana, abin da nake fara nema shi ne faɗin kuskuren awon, da faɗin wurin da aka bincika, da kuma ko an tsara tambayar kafin a ga abin ko bayan an gan shi.

Wani abu da ya kamata ɗaliban kimiyyar lissafi da fiziya na Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su lura da shi: gyaran da ya kashe wannan gardama bai buƙaci na'urar hangen nesa ba. Tunani ne da kwamfuta. Najeriya tana da hukumar sararin samaniya tun 1999, tana da cibiyar nazarin taurari a Nsukka, amma taurarin ɗan'adam ɗinmu ƙasa suke kallo ko sadarwa suke yi, kuma manyan na'urorin nahiyar, irin su MeerKAT mai faranti 64, suna Afirka ta Kudu. Duk da haka bayanan Planck a buɗe suke a intanet kyauta, haka ma kundin gungu sama da 12,000 da na'urar eROSITA ta fitar a farkon 2024.

Wannan kundi ya nuna inda aikin ya karkata yanzu. An daina dogaro da zakara ɗaya, an koma ƙirga dubbai, kowane aji na nauyi da nisa. Akwai kuma hanyar da Neal Dalal da abokansa suka gano a 2008: idan akwai karkata, ba adadin ƙattin kawai take sauyawa ba, har da yadda suke taruwa kusa da juna a faɗi mafi girma na samaniya, kuma wannan alama ba ta dogara sosai ga sanin nauyin kowane gungu ba. Da wannan hanya binciken DESI na Amurka ya kai kuskuren wajen 9 a ƙarshen 2024. Tsohon hasken kuwa ya kusa ba da iyakar abin da zai iya bayarwa, alhali layin da ya raba ra'ayin ƙarfi guda da na ƙarfi da yawa yana wajen ɗaya ne, kuskuren Planck kuma biyar. Shi ya sa ido ya koma kan sababbin taurarin ɗan'adam: Turai ta harba Euclid a Yulin 2023. A Maris ɗin 2025 hukumar NASA ta harba SPHEREx, wanda aka tsara ya zagaye sama gaba ɗaya sau huɗu cikin shekara biyu, yana ɗaukar ta a launi 102, domin ya zana taswirar galaksi wajen miliyan 450. Babban aikin da aka ɗora masa shi ne ya sauko da kuskuren f-NL zuwa ƙasa da ɗaya.